Yadda Ake Koyon Binciken Jin Ta Baki a Fannin Lafiya da Tafiyar da Al'umma

Duk lokacin da ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, na harabobin Samaru da Shika da Kongo, suka shiga zangon rubuta kundi, ba a rasa wanda zai ce, "Ni dai kwalitetif zan yi, ba na shiri da lissafi." Wanda ya shigo ta wannan ƙofa gudun gara ya yi ya faɗa gidan zago. Mai raba takardar tambayoyi yana iya tara amsoshin mutum ɗari uku cikin mako biyu ya zuba wa kwamfuta. Kai kuwa hira goma sha biyar za ta cinye maka wata uku, tsakanin zirga-zirga da kwafe magana da tsefe ta.

Abin da ake kira kwalitetif ni na fi son in ce masa binciken jin ta baki, tunda waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Binciken ƙidaya yana gaya maka nawa ne. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa da aka yi a 2018, alal misali, ya nuna kashi 39 cikin ɗari na haihuwa a Najeriya ake yi a asibiti, a Arewa maso Yamma kuwa kashi 16 kacal. To amma me zai sa mace ta je awo sau biyar daga unguwar Gyallesu ko Muciya a Zariya, katinta a cike, ranar naƙuda kuma ta haihu a ɗaki? Wannan sai an zauna da ita. Da wannan misali zan riƙa tafiya har ƙarshe.

Aikin ba baƙo ba ne a ƙasar Zazzau. Tsakanin 1949 da 1950 Mary Smith ta zauna da wata tsohuwa mai suna Baba a Giwa, ta rubuta tarihin rayuwarta daga bakinta, aka buga a 1954. A shekarun 1970 kuma, likitocin Zariya da suka ga masu jego suna ta zuwa da ciwon zuciya da kumburi, sai da suka waiwayi abin da ake yi a gida, wato wankan jego da ruwa mai tsananin zafi, da kwanciya kan gadon ƙasa da aka hura wa wuta, da shan kunun kanwa, kafin suka gane abin da ke rura cutar.

Fara da gyara tambayarka

Ɗauki takarda ka rubuta abin da kake son sani cikin jimla ɗaya, da Hausa, yadda za ka faɗa wa kakarka. Idan jimlar ta fara da "mutum nawa" ko "kashi nawa", ka ɓata hanya, koma wajen masu alƙaluma. Tamu da "yaya" ko "me ya sa" take farawa. "Yaya ake yanke shawarar inda mace za ta haihu a gidajen cikin Birni?" Wannan ta bar ƙofa a buɗe: ƙila mijin ne mai yankewa, ƙila uwarsa, ƙila dare ne da rashin abin hawa.

Masu karatun tafiyar da asibitoci da hukumomin jin daɗin jama'a su ma haka. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, wanda ake zuba wa aƙalla kashi 1 cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya. Takardu za su nuna maka nawa ya iso ƙaramin asibiti. Amma yadda shugaban asibitin da kwamitin gunduma suke zama su zaɓi tsakanin gyaran rijiya da sayen magani, wannan sai hira da halartar taronsu.

Za ka ci karo da sunayen hanyoyi iri-iri. Akwai ta tarewa cikin al'umma wata da watanni, akwai ta bin yadda mutum ya ɗanɗani wata lalura a jikinsa, akwai ta gina ra'i daga tushe wadda Glaser da Strauss suka fito da ita a 1967. Ka je ɗakin karatu na Kashim Ibrahim ka karanta su don ka san su. A aikinka na fari dai shawarata ka tsaya kan bayyana abin da mutane suka faɗa da fitar da jigoginsa. Na ga kundaye da dama da suka yafa babban suna a babi na uku, babi na huɗu kuma babu alamar an bi hanyar.

Horar da kunne da ido kafin ka fita

Wannan mataki ake tsallakewa, shi ya sa hirarrakin farko suke lalacewa. Ka ware mako guda.

Rana ta farko ka je Kwangila ko kasuwar Sabon Gari, ka sami inuwa ka zauna rabin awa, ka rubuta abin da idonka ya gani kawai. In ka rubuta "matar ta yi fushi", soke shi. Me ka gani? Ta ajiye tumatirin, ta ja mayafi, ta wuce ba sallama. Fushin fassararka ce, ka ware mata gefen takarda.

Bayan nan ka sami abokin karatu ka yi hira da shi ta minti goma sha biyar kan ciwon da ya yi na ƙarshe, ka naɗa a waya. Saurara ka ƙirga sau nawa ka katse shi, sau nawa ka ƙarasa masa jimla, sau nawa ka ba shi shawarar magani. Ma'aikatan jinya da ɗaliban likitanci su suka fi fama a nan, domin an horar da su su yi tambaya a gurguje su yanke hukunci. Ka maimaita da mutum uku daban, har sai muryarka ta koma 'yar kaɗan a cikin naɗin.

Izini iri biyu

Na farko na takarda ne. Ƙa'idojin binciken lafiya na ƙasa da aka fitar a 2007 sun wajabta a kai duk binciken da ya shafi mutane gaban kwamitin ɗa'a. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika yana da nasa kwamitin, Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Kaduna ma tana da nata. Ka shirya tsarin aikinka, da jagorar tambayoyi, da takardar amincewa cikin Hausa da Ingilishi, ka miƙa da wuri, don amsa ba ta fitowa a kwana biyu. Hirar da ka yi kafin izini ya fito tamkar ba ka yi ba ce.

Kada ka ce ai hira ce kawai, ba allura ba. Mutanen Arewa ba su manta da gwajin maganin Trovan da aka yi wa yara a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ba, kuma zargin da ya sa aka dakatar da riga-kafin shan inna a wasu jihohi a 2003 yana da jijiya a can. Duk wanda ya shigo unguwa da jaka da takarda, da wannan tarihin ake kallonsa.

Na biyu izinin ƙafa ne, kuma ya fi cin takalmi. Ka fara daga sashen lafiya na ƙaramar hukuma, Zariya ce ko Sabon Gari ko Giwa ko Soba. Daga nan hakimi, sai dagaci, sai mai unguwa, in da hali ka gai da liman. Ka faɗi gaskiyar abin da ya kawo ka, ka kuma faɗa ƙarara cewa ba rabon tallafi ka zo yi ba, in ba haka ba za ka tarar da layi, kowa yana ba ka amsar da yake ganin za ta sa a rubuta sunansa.

A gida ana neman yardar maigida, haka tsarinmu yake. Sai dai yardarsa ƙofa ta buɗe maka, ba ta maye gurbin ta matar ba. Ita ma a karanta mata bayanin, a gaya mata tana iya ƙi, tana iya tsayawa a tsakiya, kuma ba abin da zai taɓa kulawar da take samu a asibiti. Mutane da yawa suna ɗar-ɗar da sa hannu ko dangwala yatsa, don haka tun a takardarka ka roƙi kwamiti ya amince da yardar baka gaban shaida. Idan cikin waɗanda za ka zanta da su akwai matan aure da ba su kai 18 ba, ka faɗa wa kwamitin tun farko su ba ka ƙa'ida.

Su wa, kuma mutum nawa

A nan ba ƙuri'a ake jefawa ba, zaɓa ake yi da gangan. Ka nemi wadda ta haihu a gida da wadda ta haihu a asibiti, mai haihuwar fari da mai ta takwas, ta kusa da titi da ta lungu. Ka haɗa da mazaje, da surukai, da ungozoma, da malaman asibitin da ke karɓar haihuwa. Masu lalurar da ake ɓoyewa, irin yoyon fitsari, sai dai wata ta kai ka ga wata. Ka yi hattara da jerin sunayen da mai unguwa zai ba ka, galibi 'yan gidansa ne da masu bakin magana.

Adadi kuwa, ana ci gaba har sai tulu ya cika, wato ka yi hira biyu uku a jere ba ka ji sabon abu ba. Wani mai bincike mai suna Guest da abokan aikinsa sun gwada wannan a 2006 da hirarraki 60 da aka yi da mata a Gana da Najeriya, suka ga kusan duk jigogin sun bayyana a cikin 12 na farko. Matan nan yanayinsu iri ɗaya ne, don haka kada ka ɗauki 12 a matsayin doka. Mai rukuni huɗu mabambanta zai buƙaci fiye da haka.

Jagorar tambayoyi

A nan zan daɗe, domin a nan aikin yake rayuwa ko ya mutu. Tambayoyi shida zuwa goma sun isa. Ka rubuta su da Hausa tun farko. Wadda aka ƙera da Ingilishi aka juyo, ko a bakin Bazazzagi ta fito, sai ta yi ƙamshin ofis.

Dubi wannan: "Kin san haihuwa a gida tana da haɗari, ko?" Amsarta "e" ce, kuma ka rufe bakin matar har ƙarshen hira. Ga wata: "Me ya hana ki zuwa asibiti?" Wannan tuhuma ce, za ta ce Allah ne bai nufa ba, kuma gaskiya ta faɗa. Gwada haka: "Ba ni labarin ranar da kika haifi wannan yaron, tun daga lokacin da kika fara jin ciwo." Labari shi ke fito da wa ke gida, ƙarfe nawa ne, wa aka aika, wa ya ce a dakata.

Sauran aikin 'yan kalmomi ne: "Sai aka yi yaya?" "To daga nan fa?" "Kamar yaya ke nan?" "Su Inna me suka ce?" Idan aka ce maka "lafiya lau" ko "ba komai", gaisuwa ce ba amsa ba, ka sake zagayowa ta wata hanya. Abin kunya kuwa a jingina shi ga wasu: "Wasu matan sukan ce ba sa son namiji ya karɓi haihuwarsu, a unguwar nan yaya abin yake?"

Sannan sunayen cututtuka. Idan ta ce "sanyi", kada ka yi saurin rubuta sunan da ka koya a aji, tambaye ta yadda yake yi mata. Haka "zaƙi", wanda ake cewa yana tsawaita naƙuda, da "shawara", da "rana", da "iska". Abin da likita zai kira jijjigar masu ciki, a wani gidan aikin iskoki ne, shi ya sa ake fara kiran malam kafin a nemi mota. Wanda ya goge kalmarta ya sa tasa ya goge dalilin jinkirin gaba ɗaya.

Ka gwada jagorar da mutum biyu a wata unguwa dabam, ka gyara, sannan ka fita.

Ranar hira

Namiji ba ya wuce zaure inda aka rubuta "ba shiga", saboda haka in da matan aure za a zanta, nemi mace ka horar da ita sosai, ku yi gwaji tare. Ke kuma ɗaliba, ki bar farar riga a gida. Da zarar an gan ki da ita kin zama malamar asibiti, sai yabo. A guji ranar kasuwa, da safiyar damina, da lokacin girki, da bayan la'asar cikin azumi.

Ka yi gaisuwa cikakkiya, ka nemi izinin kunna rikoda, ka ajiye ta kusa da mai magana nesa da janareta da injin markaɗe. Waya ta biyu ta zama madadi. Idan aka yi shiru, ƙirga biyar a zuci kafin ka ce uffan, maganar da ta fi nauyi bayan shiru take fitowa. Minti arba'in zuwa awa ɗaya ya isa. Kada ka rufe littafinka don ka kashe rikoda, domin sau da yawa a wajen rakiya ake cewa, "Af, ban gaya miki ba." Ka tambaya ko an yarda ka rubuta wannan ma. A daren ka zauna ka rubuta su wa ke wurin, wa ya leƙo, ina murya ta canza.

Tattaunawar rukuni mutum shida zuwa goma take so, da mai jan zance da mai rubutu. Ana yin ta don jin abin da al'umma ta ɗauka daidai ne, sirrin mutum kuwa sai hirar keɓe. Kada ka haɗa mace da surukarta ko kishiyarta, ko ƙaramin ma'aikaci da shugabansa. Na taɓa zama da mata takwas a wani ƙauye, mai unguwa cikin karamci ya sa aka shimfiɗa mana tabarma a ƙofar gidansa, shi ma ya jawo kujera. Minti arba'in muka yi, amsa ɗaya: komai lafiya, mun gode wa gwamnati. Laifina ne da ban roƙi wani wuri tun kafin ranar ba.

Kwafe magana

Hirar awa ɗaya takan ci awa biyar ko shida wajen kwafewa, ta rukuni ta fi haka. Ka kwafe cikin kwana biyu, kalma da kalma, da Hausar da aka yi ta, har dariya da shiru da salati. Ka cire sunaye ka sa lamba, ka kuma cire abin da zai tona mutum, irin "matar limamin unguwar kaza". Naɗin ya zauna a kulle da lambar sirri, kada ya yi yawo a WhatsApp. Tun 2023 akwai dokar kare bayanan mutane a Najeriya, bayanan lafiya kuma suna cikin masu tsauri.

Ra'ayina shi ne a yi nazari da Hausa, a fassara abin da za a kafa hujja da shi kawai. Kalma irin "kunya" ko "kara" in ta tsallaka Ingilishi da wuri, rabinta ke isa.

Tsefewa da fitar da jigo

Hanyar da ta fi sauƙi ga mai koyo ita ce ta Braun da Clarke ta 2006, mai hawa shida: saba da bayanan, yi musu laƙabi, nemo jigogi, sake duba su, raɗa musu suna, sannan rubutu. Ka karanta kowace hira sau biyu ba biro a hannu. A karo na uku ka fara laƙabi a gefe.

A ce wata ta ce maka: "Da dare ciwon ya taso, maigida ba ya gari. Inna ta ce mu dakata, ai haihuwar fari ba a gaggawa. Ni kuma na ji nauyin in ce ya yi tsanani." Layi uku ne, amma laƙabi huɗu ke ciki: naƙudar dare, mai izini ba ya nan, maganar suruka, kunyar haihuwar fari. Idan ka gama hira biyar ka tara laƙuban a takarda ɗaya, ka rubuta ma'anar kowanne, ka ba wani ya gwada su a kan hira guda ku ga inda kuka saɓa.

Jigo magana ce mai faɗin wani abu. "Al'ada" kanun labari ne, ba ta ce komai ba. "Mai naƙuda ba ita ke da ta-cewa ba", wannan jigo ne, ana iya kafa masa hujja, ana iya musanta shi. Ka nemi mai musantawar da kanka: wadda ta ɗauki mayafi ta hau Keke Napep ba ta jira kowa ba, me ya bambanta ta? Sau da yawa a wurinta shawarar da za ka ba hukuma take.

Kana iya jera sakamakon bisa wani tsari sananne, kamar jinkiri uku na Thaddeus da Maine na 1994: jinkirin yanke shawara, jinkirin isa asibiti, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Abin da ya ƙi shiga ramin uku kada ka danna shi da ƙarfi, ba shi nasa wuri. Manhajoji irin NVivo da ATLAS.ti da MAXQDA na kuɗi ne, Taguette da QualCoder kyauta ne. Duk ajiya da jerawa suke yi, tunanin naka ne. Hira ashirin, almakashi da birai masu launi da tabarma sun wadatar.

Rubutawa da kare aiki

Kowane jigo ka bayyana shi da bakinka, ka kawo magana ɗaya ko biyu ta masu ita, da lamba da ɗan bayani, kamar "mai 'ya'ya huɗu, shekara 29". Kada ka ce kashi 70 cikin ɗari alhali mutum goma ka zanta da su. Ka faɗi ko kai wane ne a aikin, ma'aikacin lafiya ne ko ɗan unguwa, don ya shafi abin da aka gaya maka. Jerin duba na COREQ, wato abubuwan da ake so rahoton binciken hira ya ƙunsa, da ya fito a 2007 yana da abubuwa 32, ka bi su ɗaya bayan ɗaya kafin ka miƙa kundi.

Ranar kare aiki za a sami malamin da zai ce, "Mutum goma sha takwas ne za su wakilci Zariya?" Amsa cikin ladabi: "Ranka ya daɗe, ban ce sun wakilta ba. Na nuna yadda shawarar take gudana, na kuma bayyana su wane ne da inda suke, don mai karatu ya auna ko ya yi kama da wurinsa." Ka riƙe littafin da ka yi rubutu a wajen hira da takardar laƙubanka a hannu.

Kafin ranar ma ka koma unguwar da taƙaitaccen sakamako na shafi ɗaya da Hausa. Ka fara ta wajen mai unguwa, sannan ka tara wasu daga cikin waɗanda ka zanta da su, maza daban mata daban, a karanta musu ba tare da ambaton wa ya ce me ba. In wata ta ce, "A'a, ba haka muke nufi ba," buɗe littafi ka tambaye ta yaya suke nufi, ka rubuta kwanan wata a saman shafin.